Bayan An Warware Ɗinki: Farfaɗiya da Raunin Gani Sakamakon Buguwar Kai

Jawabin kwamitin walwala a babban taron reshe



Mai girma Shugaban reshe, 'yan majalisar zartarwa, iyayenmu malamai da suka yi ritaya, shugabannin makarantu, 'yan'uwa malamai maza da mata, da iyalanmu da suka halarci wannan zama, muna yi muku barka da zuwa. Mun san maganar albashi da ƙarin girma ita ce a bakin kowa, kuma za a zo kanta. Kwamitin walwala ya roƙi a ba shi wannan ɗan lokaci ne domin wata magana da ba a cika yi ba, wato abin da kan sami mutumin da ya bugu a kai bayan an sallame shi daga asibiti, 'yan dubiya sun ɗauke ƙafa, kowa ya koma harkarsa.

Maganar ta shafe mu ta fuska biyu. Da yawanmu a kan babur muke zuwa aiki, wasu tafiyar kilomita masu yawa zuwa makarantun ƙauye, a kan hanya mai ramuka da rairayi, da damina kuma ga santsi. Yaran da aka ba mu amana kuwa, wannan ya faɗo daga kan mangwaro, wancan daga katanga, wani sun yi karo a filin ƙwallo, wani an jefe shi da dutse. Idan haka ta faru, abin da ido ya gani shi ake yi wa magani. A ɗinke goshi, a kai karaya wajen mai ɗori, fata ta haɗe cikin mako biyu, a ce alhamdu lillahi ya warke. Ita ƙwaƙwalwa lissafinta daban ne.

Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, kusan kamar awarar da ba a soya ba, tana zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan kai ya daki ƙasa ya tsaya farat ɗaya, ita ba ta tsayawa tare da shi, sai ta je ta bugi ƙashi ta gaba, ta dawo ta bugi na baya. Shi ya sa wanda ya faɗi ta goshi zai iya samun rauni a ƙeya, kuma ana iya jin mummunan ciwo a ciki alhali ko ƙwarzane babu a waje.

Hatsari na farko yana cikin kwana biyun farko, kuma a nan sauri ake bukata. A gefen kai, tsakanin ido da kunne, ƙashin ba shi da kauri, kuma akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa. Idan ta tsage, mutum zai iya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya yi magana lafiya lau, bayan 'yan sa'o'i jinin da ke taruwa ya danne ƙwaƙwalwa. Saboda haka duk wanda ya bugu sannan ya shiga amai a kai a kai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko barci mai nauyi da wuyar tashi, ko ruɗewa, ko wani ruwa garai-garai yana fita ta hanci ko kunne, ko baƙin tsakiyar ido ɗaya ya fi ɗaya girma, ko ya yi jijjiga, asibiti mai na'urar hoton kai za a nufa da shi, ba kemis ba, kuma ba sai gari ya waye ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ƙin karɓar mai bukatar agajin gaggawa. Iyayenmu tsofaffi kuma su lura: a wurin mai shekaru jinin kan taru a hankali, sai bayan makonni a ga mantuwa da tangaɗi, a ɗauka tsufa ne, alhali abu ne da tiyata ke gyarawa.

To, mu zo ga farfaɗiya. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne da wani ɗan lantarki, cikin tsari. Inda aka yi rauni aka zubar da jini, tabo yana fitowa, kuma gefen tabon nan kan zama kamar wayar wuta da ɓera ya gwaigwaye. Tana aiki yau, tana aiki gobe, ran nan sai ta yi tartsatsi. Idan tartsatsin ya tsaya a wuri ɗaya, alamar takan zama ƙarama. Idan ya bazu ko'ina, mutum ya faɗi yana jijjiga. Likitoci suna raba abin gida biyu. Jijjigar da ta zo cikin kwana bakwai na farko ta zafin raunin ce, kuma akwai maganin da ake ba masu mummunan rauni a wannan mako domin a tare ta. Wadda ta zo bayan mako guda ita ce ta tabo, ita ce mai yiwuwar maimaituwa, kuma bincike ya nuna maganin makon farko ba ya hana ta zuwa. Akasari takan bayyana cikin shekara biyun farko, amma tana iya jinkiri har shekara goma ko fiye, lokacin da kowa ya manta an taɓa yin haɗari.

Kada wannan ya tayar wa iyaye hankali fiye da kima, domin girman hatsarin yana bin girman raunin. A wata gunduma ta jihar Minesota a Amurka, likitoci sun bi diddigin mutum 4,541 da suka ji rauni a kai tsakanin 1935 da 1984, suka buga sakamakon a 1998. Waɗanda sumansu ko gushewar tunaninsu bai kai minti 30 ba, kimanin 2 cikin 100 ne suka sami farfaɗiya a tsawon shekara 30. Waɗanda suka suma daga minti 30 zuwa sa'a 24, ko ƙoƙon kansu ya tsage, kimanin 4 cikin 100. Waɗanda suka wuce kwana guda a sume, ko jini ya taru musu, ko naman ƙwaƙwalwar ya ƙuje, kusan 17 cikin 100. Mafi muni shi ne raunin da ya huda ƙashi ya shiga ciki. Sojojin Amurka da harsashi ko ɓaraguzan bom suka huda wa kai a yaƙin Biyetnam, kimanin rabinsu sun kamu da farfaɗiya daga baya. A wannan zamani na harbi da sara a garuruwanmu da ƙauyukanmu, wannan adadi ba labarin nesa ba ne gare mu.

Inda aikinmu na malamai ya shigo shi ne nan: ba kowace farfaɗiya ake faɗuwa ba. Yaro yana cikin rubutu sai ya tsaya cak, ya ƙura wa wuri ɗaya ido, yana taunar baki ko yana tsintar wani abu a jikin rigarsa. A kira sunansa bai amsa ba. Bayan minti ɗaya ko biyu ya dawo a gajiye, bai san me ya faru ba. Wani hannu ɗaya ne zai riƙa fizga. Wani zai ce yana jin warin abin da babu, ko wani abu yana taso masa daga ciki zuwa ƙirji. A idon wanda bai sani ba, wannan taurin kai ne ko raini, har ya ja wa yaron bulala. Likita na ganin yaron minti goma ne a wata, mu kuwa muna tare da shi sa'a biyar ko shida kowace rana. Malamin da ya rubuta ranar da abin ya faru, da ƙarfe nawa, da tsawon lokacin da ya ɗauka, da ɓangaren jikin da ya fara, ya ba likita abin da sau da yawa na'ura ba ta ba shi, domin gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa kan iya fitowa lafiya idan ba a dace da lokacin ba. In iyaye sun yarda, ɗan bidiyo a waya ya fi dogon bayani, da sharaɗin daga wayar sai idon likita.

Idan kuwa babbar ce ta zo, mutum ya faɗi yana jijjiga, abin da ake so kaɗan ne, sai dai ya saɓa wa abin da muka taso muka tarar. A kawar da benci da duk abin da zai ji masa ciwo, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a sassauta masa wuyan riga, a duba agogo. Kada a danne shi. Kada a cusa masa cokali ko tsinke ko yatsa a baki. Mutum ba ya haɗiye harshensa, cokalin ne ke karya haƙori ya tsaga dasashi. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko man ja yana cikin wannan hali, domin huhu za su tafi. Kada a yi masa hayaƙi, kada a sa masa albasa ko barkono a ido, kada a kusantar da ƙafarsa ga wuta. Da jijjigar ta lafa, a juya shi ya kwanta a kan gefensa domin yawu ya fita, a zauna tare da shi har ya dawo hayyacinsa. Yawanci takan wuce da kanta cikin minti biyu ko uku. Idan ta haura minti biyar, ko wata ta biyo bayan wata bai farfaɗo ba, ko wannan ne karon farko, ko mace ce mai ciki, sai asibiti nan take.

Yawun mai farfaɗiya ba ya ɗauke da cuta. Muna so a ji wannan da kyau, a kuma faɗa wa yara a aji, domin wannan camfi shi ne ke sa a watse a bar mutum shi kaɗai a lokacin da ya fi bukatar hannu. Ba a ɗaukar ta ta yawu, ko numfashi, ko cin abinci a kwano ɗaya. Wanda ya san ɗansa ya faɗi daga babur bara, bana ya fara faɗuwa, bai kamata ya yi nisa wajen neman dalili ba. Ba mu hana kowa addu'a ba, mu ma masu yin ta ne, amma a haɗa da zuwa asibiti. A cikin Buhari da Muslim akwai labarin matar nan mai farfaɗiya wadda ta kai kukanta ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma cikin abin da ya dame ta har da yayewar suturarta idan ta faɗi. Ɗalibarmu ko abokiyar aikinmu ma abin da ke damunta ke nan. A rufa mata mayafi, a kori 'yan kallo, mata su kewaye ta. 'Yan'uwanmu Kirista kuma sun san labarin yaron da ke cikin Linjilar Markus, wanda ciwon ke jefawa cikin wuta da ruwa. Har gobe wuta da ruwa su ne manyan abokan gabar mai wannan ciwo: murhu, bakin rijiya, kududdufi, rafi. Ba a aikensa ɗiban ruwa shi kaɗai, ba a bar masa girki babu kowa kusa.

Ciwon yana jin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan an gano ciwon an ba su maganin da ya dace. Magungunan da aka fi sani, irin su fenobabiton da kabamazefin, tsofaffi ne kuma ana samun su. Wahalar tana wajen ɗorewa. Ana sha kullum ne, shekara da shekaru, kuma yankewa farat ɗaya, don an ga sauƙi ko don albashi ya makara, na iya tayar da jijjigar da ta fi ta farko muni. Rashin barci na tayar da ita, haka giya, haka tiramol, wanda ko mai lafiya yana iya sa shi jijjiga, balle mai tabo a ƙwaƙwalwa. Mai son yin azumi ya ga likitansa tun cikin Sha'aban a tsara masa lokutan sha. 'Yan'uwa mata kuma su gaya wa likita idan suna da niyyar haihuwa, domin maganin da ake kira balfurowet yana cutar da ɗan tayi, wasu kuma suna rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa.

Sai batun gani, wanda ya fi farfaɗiya ɓuya. Mun saba ɗauka cewa da ido ake gani, amma ido ƙofa ce kawai. Saƙon yana bin jijiya daga bayan ƙwayar ido, ya ratsa ƙwaƙwalwa tun daga gaba har ƙeya, can ne ake fassara shi ya zama hoto. Raunin kai ne ma ya koya wa likitoci wannan taswira. Wani likitan ido ɗan Japan, Tatsuji Inouye, ya duba sojojin da harsashi ya ratsa wa ƙeya a yaƙin Rasha da Japan na 1904 zuwa 1905, ya ga kowane gurbin rauni da ɓangaren ganin da yake ɗaukewa, ya buga bincikensa a 1909. Idanun sojojin nan lafiyarsu ƙalau. Tun da hanyar doguwa ce haka, wuraren da za ta iya yankewa suna da yawa.

Jijiyar gani tana bi ta wani matsattsen rami a cikin ƙashi. Duka a goshi ko a kan gira na iya girgiza ta a cikin ramin nan, ido ɗaya ya dushe ko ya mutu, alhali daga waje fari tas, babu ja babu kumburi. Yaro kan yi makonni bai sani ba, saboda ɗaya idon yana rufa asiri. Gwajin da kowane uba zai iya yi shi ne ya sa yaron ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya karanta, sannan ya sauya.

Idan raunin ya fi zurfi, rabin gani ne ke tafiya a idanu biyun gaba ɗaya. Rauni a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa yana ɗauke duk abin da ke hagu, na hagu ya ɗauke dama. Mai wannan lalura sau da yawa ba ya ganin wani duhu da zai ba shi labari, abin da ke wannan gefen dai babu shi ne kawai. Sai a ga yana karo da gefen ƙofa, yana barin tuwo a rabin kwano, yana kwafe rabin abin da ke kan allo. Ga wani abu da ya kamata malamai su riƙe. Boko daga hagu zuwa dama ake karanta shi, don haka wanda ya rasa gefen dama ba ya hango kalmar da ke tafe, karatunsa sai ya riƙa cijewa, wanda ya rasa hagu kuma farkon layi ke ɓace masa. A Larabci da ajami abin juyawa yake yi. Saboda haka yaro zai iya fama a ajinmu da safe, da yamma a Islamiyya a ce da sauƙi, mu ɗauka wasa ya sa a gaba. Taimakon ba shi da tsada. Wanda ya rasa hagu a zaunar da shi a ɓangaren hagu na aji domin allo da malami su faɗo a damansa, wanda ya rasa dama a yi masa akasin haka. A ja masa jan layi a gefen shafi, a bar shi ya bi layi da yatsa ko rula, a koya masa juya kai kafin ya tsallaka titi.

Akwai kuma ƙananan jijiyoyin da ke juya ƙwayar ido. Idan ɗaya ta taɓu, sai a riƙa ganin abu biyu-biyu, yaro ya riƙa karkatar da kai gefe guda ko runtse ido ɗaya, saukowa daga matakala ta zama masa aiki. Da dama sukan warware cikin wata shida, sauran akwai tabarau na musamman ko tiyata. Ko ƙaramar buguwa takan bar mutum da gudun haske, da rubutu yana rawa, da ciwon kai bayan minti goma na karatu. Kuma inda tabon yake a ƙeya, ciwon biyu kan haɗu: farfaɗiyar ta zo da ganin ƙawanya masu launi ko ɗaukewar gani na ɗan lokaci. Wanda ya kawo irin wannan ƙorafi ba ƙarya yake yi ba. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. A nemi a auna faɗin gani, domin mai rabin gani zai iya karanta haruffan jikin bango har layin ƙasa a ce masa lafiya lau.

Tun da muna maganar ido, likitocin ido a ƙasar nan sun sha kawo rahoton yaran da bulala ko mari ya lalata wa ido, a gida da makaranta. Matsayin wannan kwamiti shi ne, duk ra'ayin mutum game da horo, kai da fuskar yaro ba wurin hannun malami ba ne.

Yanzu ga abin da ya shafi ƙungiya kai tsaye. Malamin da ya fara faɗuwa, ko ganinsa ya ragu, abu na farko da yake yi shi ne ɓoyewa, don tsoron a ce ba zai iya aji ba. Yana ɓoyewa kuma yana ci gaba da hawa babur, wanda shi ne ainihin abin da bai kamata ya yi ba sai likita ya ba shi izini. Ba za mu iya ce wa mutum ya ajiye babur ba alhali makarantarsa tana bayan gari da nisa, sai mun tsaya masa an dawo da shi kusa da gida. Wannan aikin reshe ne, kuma doka tana bayanmu. Dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta haramta wariya saboda lalura. Malamin da maganinsa ya karɓe shi zai iya koyarwa har ya yi ritaya, mai raunin gani ma haka, in an ba shi manyan haruffa da aji mai haske. Makarantar makafi ta Gindiri tun 1953 take yaye mutane, wasunsu malamai ne.

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta ƙidaya haɗarin da aka yi a kan hanya tsakanin gida da wurin aiki cikin waɗanda ake biya. Amma tana da wa'adi: a sanar da shugaban aiki cikin kwana 14, a shigar da buƙata cikin shekara guda. Ga ciwon da kan jira shekara biyu kafin ya fito, wannan wa'adi tarko ne. Shawararmu ita ce duk wanda ya bugu a kai a hanyar aiki ya rubuta wa shugaban makarantarsa a makon, ko da yana jin garau, ya ajiye kwafi, ya ajiye katin asibiti da hoton da aka ɗauka. Muna kuma roƙon majalisar zartarwa ta tambayi hukumar da ke biyanmu, a rubuce, ko tana zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashi da dokar ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata.

Hular kwano ba sai mun yi dogon bayani ba. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna tana rage raunin kai da kusan kashi 69 cikin 100, mutuwa kuma da kusan 42. Da yawanmu mun tuna watan Janairun 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa ta, wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a kai har labarin ya zagaya duniya. An yi dariya a lokacin. Hular da ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba kuwa, da ita da ƙwaryar duk ɗaya ne, domin ita ke fara barin kai kafin a kai ƙasa. Kwamiti ya kawo shawarar a sayo huluna masu inganci da yawa ta asusun walwala, a riƙa cire kuɗin kaɗan-kaɗan, har da ƙanana domin yaran da muke goyawa zuwa makaranta. Shawarar tana gaban Shugaba, za a kaɗa mata ƙuri'a kafin a tashi.

Bayan an rufe taro, biyu daga cikinmu, namiji da mace, za su zauna a ofishin reshe. Duk wanda shi ko wani nasa ya taɓa buguwa a kai, ko da shekara nawa ne, kuma yana ganin wani abu daga cikin abin da muka zayyana, ya same su. Sunansa ba zai shiga rahoto ba, kuma ba za a kai maganarsa gaba ba sai da yardarsa.

 Allah Ya kiyaye mu a kan hanya, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.